Mai jela na lambunan Kano ko jan-ciki na kurmi: wanne za ka ɗauka a furojet?

Duk shekara in lokacin zaɓen tofik ya zo, a cikin 'yan ajin ƙarshe na bayoloji da zuwoloji a Jami'ar Bayero (BUK) da sauran makarantun Kano akan samu mutum ɗaya ko biyu da suke cewa su dai a kan tsuntsu suke son yin furojet, kuma wallahi ina jin daɗin hakan sosai saboda mu nan arewa masu wannan harkar ba su da yawa. To matsalar ita ce yawancinsu hoto suka gani a intanet, wani kyakkyawan tsuntsu na cikin kurmi, sai zuciya ta tafi can, alhali ɗan uwansa na jini yana nan cikin darbejiyar bayan dipatmen ɗinsu da damina. Ƙannena, wannan rubutun naku ne, zan jera muku tsuntsaye biyu 'yan gida ɗaya, mu duba su ta kowace fuska, daga nan kowa ya san inda zai sa ƙafarsa kafin ya kai wa sufabaiza takarda.

Su biyun duk masu cafke ƙwari ne a iska. Na farko a kimiyyance sunansa Terpsiphone viridis, ni a nan zan riƙa ce masa mai jela. Na biyu Terpsiphone rufiventer, shi kuma jan-ciki. Tun daga nan ku riƙe abu ɗaya da ɗalibai ke yawan ɓatawa a babin farko: waɗannan biyun 'yan dangin Monarchidae ne, ba Muscicapidae ba, duk da dukkansu cafkar ƙwari suke yi. Muscicapidae su ne dangin ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa baƙunta daga Turai, zan zo kansu a gaba. In ka rubuta dangin da ba shi ba a shafi na biyu, malamin da ya san tsuntsu daga nan ya fara zargin sauran aikin.

Mai jela dai in ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa. Jikinsa bai wuce santimita 17 ba, nauyinsa giram goma sha wani abu, amma namijin yana da gashin jela guda biyu na tsakiya da suke zarcewa har su kusa ninka tsawonsa, yana tashi suna binsa suna wulwulawa tsakanin rassa. Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bakinsa da zoben da ya kewaye idonsa shuɗi, bayansa da jelar ja-ja mai ruwan ƙasa, cikinsa kuma toka-toka mai duhu. Irin namu na Afirka ta Yamma, wanda ake kira ferreti, yana da fari a fiffike, sannan ga abin da ya fi burge ni: mazan ba launi ɗaya ba ne, akwai jajaye, akwai farare waɗanda bayansu da jelarsu fari ne, kan baƙi, cikin kuma toka, akwai kuma masu haɗe-haɗe tsakani. Mutum zai rantse tsuntsaye daban-daban ne alhali duk abu ɗaya ne. Macen ba ta da doguwar jelar kuma launinta bai kai na namijin haske ba. Tun 1776 aka fara rubuta shi a kimiyya, kuma kusan duk Afirka kudu da Sahara akwai shi, har kudancin yankin Larabawa.

Jan-ciki kuma girmansu kusan ɗaya, kan baƙi ne shi ma, amma inda suka rabu shi ne ciki: nasa ja ne mai ruwan lemo tun daga ƙirji har ƙarƙashin jela, a inda na mai jela yake toka. Tukkunsa bai kai ba, kuma a yawancin ire-irensa na cikin kurmi jelar namijin ba ta yin wancan tsawon na ban mamaki. Mazauninsa kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga wajen Gambiya da Gini ya biyo ta Saliyo, Laberiya, Gana, kudancin Najeriya, Kamaru, Kwango har Yuganda. Swainson ne ya sa masa suna a 1837. Shi ba ɗan sarari ba ne, a ƙarƙashin manyan itatuwa yake yawonsa, tsakiyar kurmi da ƙasa-ƙasa inda rana ba ta sauka sosai, kuma sau da yawa za ka same shi cikin ayarin tsuntsaye iri-iri da suke tafiya tare suna kiwo, wannan ya tayar da ƙwaro wancan ya cafke. A Najeriya kaɗai ma kamanninsa sun bambanta, na kudu maso yamma bayansa ja-ja ne, na kudu maso gabas wajen Kuros Riba bayansa toka mai shuɗi-shuɗi.

To yanzu mu zo kan ainihin maganar, wato ina za ka same su, domin furojet ɗin fili ba a yinsa da hoto.

Mai jela yana biyo ruwa ne. Da rani yana can kudu da mu, in damina ta kankama, ganye ya fito, ƙwari suka yi yawa, sai ya hauro arewa ya yi sheƙa ya ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ya koma. Abin da yake so inuwa ce mai kauri, manyan itatuwa da suka haɗe kai, mangwaro, maɗaci, tsamiya, darbejiya, ceɗiya, musamman in da ruwa kusa. Ka ga ke nan wuraren da za ka fara dubawa ba ɓoyayyu ba ne: tsohuwar BUK da sabuwar ta hanyar Gwarzo, Gidan Zoo na Audu Bako, tsofaffin gidajen Nasarawa GRA da Bompai masu manyan bishiyoyi, lambunan mangwaro na bakin kogin Challawa. Duk waɗannan kuɗin adaidaita ne, wasu ma da ƙafa za ka je daga hostel, ka fito bayan sallar asuba ka yi awa uku ka dawo ka shiga lacca.

Jan-ciki fa? Babu shi a Kano, kuma ba zai zo ba, ruwan da muke samu daga wajen Yuni zuwa Satumba ba ya tsayar da irin kurmin da yake so. Sai ka sauka kudu. Wuraren da aka fi yin aiki cikin tsari su ne gandun Okomu a jihar Edo wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, da gandun Kuros Riba na 1991 mai ɓangaren Oban da Okwangwo, sai kuma kurmin da ke cikin harabar IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, a Ibadan, wanda a ganina shi ya fi sauƙi ga ɗan Kano saboda a killace yake cikin gari, akwai hanyoyi a ciki, an saba da masu bincike, ga shi IITA ɗin suna da ofis a nan Kano inda mutum zai iya fara tambaya. Amma duk wanda ka zaɓa tafiyar yini guda ce cur ko kwana a hanya, ka hau doguwar bas a Sabon Gari, ka sauka ka nemi masauki, ka ci abinci na saye safe da dare, in gandun ƙasa ne sai ka nemi izinin bincike a rubuce daga hukumar gandun kuma ma'aikacin daji zai riƙa raka ka, shi ma akwai ɗawainiyarsa. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Wanda ya je ya yi kwana uku ya dawo yawon buɗe ido ya yi, bai tara bayanan da za a yi musu lissafi ba. Ƙannena mata kuma kun fi ni sanin cewa kafin a bar ki ki tafi Edo ki yi wata guda a daji sai an zauna da Baba an yi doguwar magana, kuma damuwarsu a kan hanya gaskiya ce, ba na ganin laifin iyayen da suka ce a'a. A nan dai mai jela ya yi gaba nesa ba kusa ba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Inda jan-ciki ya rama shi ne lokaci, kuma wannan babban abu ne, kada wanda ya raina shi. Shi mazaunin dindindin ne, Janairu ka je yana nan, Agusta ka je yana nan. Mai jela kuwa a Kano baƙon damina ne, in kalandar makarantarku ta faɗa yadda aikin fili zai kama daga Disamba zuwa Maris, lokacin hunturu da ƙura, to za ka yi ta zagaye a ƙarƙashin bishiya babu abin da za ka rubuta, kuma kun san yadda kalandar jami'o'inmu take gocewa in an yi yajin aiki ko an matse zango. Saboda haka kafin komai ka zauna ka ƙirga watannin da za ka samu na fita. In Yuni, Yuli, Agusta suna ciki, ka yi sa'a. In dai ka san za a ba ku tofik a makare, babu laifi ka je wa malamin tun kana aji uku ka ce kana son fara tattara bayanai da daminar nan, yawancin malamai suna murna da ɗalibin da ya zo da wuri haka.

Sai maganar ganinsu da ido, wadda mutane ba sa tunawa sai sun shiga daji. Kurmi duhu gare shi, ganye ta ko'ina, tsuntsun yana motsi ba ya tsayawa, za ka ji kukansa sau goma kafin ka gan shi sau ɗaya, in ka gan shin ma daƙiƙa biyu ce ya shige. Masu aiki a kurmi da kunne suke ƙirga yawancin tsuntsayensu, kuma koyon kukan tsuntsayen kurmi aiki ne na watanni ga wanda ya taso a Fagge ko Gwale, domin kusan duk muryar da za ka ji baƙuwa ce. Hoto ma sai kyamara mai ƙarfi saboda ƙarancin haske, ga laima da take shiga gilashi. Mai jela kuwa ba shi da tsoron mutane sosai, yana da reshen da yake komawa, ya tashi ya cafko ƙwaro ya dawo, wani lokacin ya baza jela yana bin ƙarƙashin ganye yana tsinta, kana zaune a inuwa da madubin hangen nesa mai lamba 8x42 za ka bi shi minti goma ba ka rasa shi ba. Kukansa ma mai sauƙin riƙewa ne, wata 'yar ƙara mai kaushi gaɓa biyu da yake yawan maimaitawa, sai kuma waƙarsa ta fito mai daɗi. Ka shiga xeno-canto, shafin intanet da ake tara kukan tsuntsaye, ka saurara sau da yawa kafin ka fita, kyauta ne, data kawai.

Abin da ya sa na fi karkata ga mai jela ga ɗalibin digirin farko shi ne sheƙa. Sheƙarsa 'yar mitsitsiya ce kamar finjalin gahawa, yana saƙa ta da zare-zaren ciyawa da saiwoyi ya ɗaure da yanar gizo-gizo a tsakanin reshe mai baki biyu, sau da yawa ba ta da nisa daga ƙasa, in namijin ya kwanta a kai jelar gaba ɗaya a waje take tana reto. Ƙwai biyu ko uku ne, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci kusan sati biyu, 'ya'yan kuma ba sa cika sati biyu a sheƙar suke fita. Lissafa ka gani, daga ƙwai zuwa tashi wajen wata guda ke nan, wato a cikin zango ɗaya za ka ga labarin daga farko har ƙarshe da idonka. Ga tambayoyi nan birjik da za su zama tofik mai kyau: wace bishiya ya fi zaɓa, darbejiya da aka kawo daga waje ko itatuwanmu na asali irin tsamiya da kanya? Tsayin sheƙa daga ƙasa nawa ne a wurin da mutane ke yawan wucewa da wurin da ba kowa? Sau nawa uwa take kawo abinci a awa ɗaya, sau nawa uba? A cikin mazan da ka gani nawa ne farare nawa ne jajaye? Wannan ta ƙarshen ni har yanzu ita ta fi ja na, domin abu ne da ɗalibi mai littafi da biro zai iya ƙirgawa ba tare da ya kama tsuntsu ko ɗaya ba. Sheƙar jan-ciki irin wannan ginin ce ita ma, amma nemo ta a cikin kurmi sai wanda ya daɗe a wurin, in ka samu biyu a wata guda ka yi ƙoƙari, kuma biyu ba sa isa lissafi.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ta fuskar amfanin aikin ga ilimi da kare muhalli jan-ciki yana da nauyin da ba zan ɓoye muku ba. Su biyun a jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ba sa cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, sai dai gidan jan-ciki shi ne yake ƙanƙancewa, Okomu ɗin nan da bai fi murabba'in kilomita 200 da ɗan kai ba gonakin kwakwar manja da na roba ne suka kewaye shi, ga masu yankan katako. Tsuntsun da ba ya rayuwa sai a inuwar kurmi shi yake fara nuna maka halin da kurmin yake ciki. Sannan akwai wani abu mai ban sha'awa ƙwarai: a wuraren da kurmi ya haɗu da sarari, ko aka sare daji mai jela ya samu hanyar shiga, su biyun suna barbara da juna su haifi 'ya'ya masu kama da wannan da wancan. Wannan tambaya ce babba, ta mai digiri na biyu ko na uku, mai raga ta kama tsuntsu da zoben ƙafa da izini da horo, wataƙila har da gwajin jini. In zuciyarka tana can, hanyar ita ce APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos da ke ƙauyen Laminga kusa da dajin Amurum, suna yin digiri na biyu a fannin kare halittu kuma ɗalibansu suna zuwa kurmin kudu aikin fili. Abin da zai kai ka can kuwa shi ne furojet ɗin digirin farko mai tsafta wanda ya nuna ka iya zama ka lura ka rubuta, kuma mai jela zai ba ka wannan a nan gida.

Kada kuma wani ya ce ai tsuntsun gari an gama rubutu a kansa. Akwai jerin tsuntsayen jihar Kano da Sharland da Wilkinson suka buga a mujallar Malimbus a 1981, ku neme shi ku karanta, sannan ku tuna Kanon 1981 da ta yau, lambuna nawa aka yanka filotai, manyan bishiyoyi nawa aka sare a GRA aka yi plaza, ina gonakin da suke tsakanin Kabuga da sabuwar BUK. Wanda ya fita ya rubuta inda mai jela yake har yanzu da inda ya daina zuwa ya yi aikin da za a nema nan da shekara ashirin, kuma abin yana damuna ganin yadda muke barin irin wannan bayanin yana wucewa ba mai ɗauka. In kana fita ka sa manhajar BirdLasser a wayarka ka riƙa tura abin da ka gani ga shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, ana raba ƙasa gida-gida kusan kilomita 9 kowanne, akwai ma tawagar 'yan arewa ta Arewa Atlas Team da za ka iya bi ka koyi aiki a hannunsu.

To in an taƙaita zaɓin ga mutum ɗaya-ɗaya: kai da kake zaune a Kano, kuɗinka na ɗalibi ne, kuma aikin filinka ya faɗo cikin damina, ɗauki mai jela kada ka yi wata-wata. Ke da iyayenki suke aiki a Ibadan ko Benin ko Kalaba, kina da wurin kwana da wanda zai tsaya miki, kuma malaminki ya san wani a can da zai riƙe ki a fili, jan-ciki zai yi miki, har ma ki fi kowa fito da sabon abu a ajinku, amma ki taƙaita tambayar, misali kwatanta yawansa a tsohon kurmi da wanda aka taɓa sarewa ya sake tohowa, ki bar maganar sheƙa. Wanda kuma ba shi da kowa a kudu kuma kalanda ta jefa shi rani, kada ya tilasta ko ɗaya daga cikin biyun. Wajen Satumba da Oktoba baƙin Turai suna ratsawa ta Kano, Muscicapa striata mai zane-zane a ƙirji da Ficedula hypoleuca wanda bai fi santimita 13 ba amma ya tsallako Sahara, na farkon yana zarcewa kudu sosai, na biyun yana yin hunturunsa a dazuzzukan tsakiyar ƙasar nan irin na wajen Jos. Ko kuma ka faɗaɗa tofik ɗin ya zama duk tsuntsaye masu cin ƙwari a harabar makaranta, ka yi ƙidaya daga tsayayyun wurare. Dajin Falgore da ke hanyar Jos yana da tsuntsayen da babu su a cikin gari, sai dai shi kada ka shiga sai da sanin dipatmen da ma'aikatan dajin da kuma tabbacin halin tsaro a lokacin.

Wanda ya tsaya a kan mai jela, ga yadda zan so ya fara. Zaɓi wurare uku ko huɗu da suka bambanta, ɗaya mai cunkoson mutane ɗaya shiru ɗaya bakin ruwa, a kowanne ka sa tsayayyun wuraren tsayuwa masu tazara yadda ba za ka ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu ba, minti goma a kowane wuri, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma, kuma ranar da ba ka ga komai ba ita ma ka rubuta ta domin sifili ma bayani ne. Gidan mutane ko lambun wani ka yi sallama ka nemi izini, ka riƙe katin makaranta da wasiƙar dipatmen a aljihu saboda mutum da madubin hangen nesa a unguwa dole a tambaye shi. In Allah ya ba ka sheƙa, don Allah kada ka taɓa ta, kada ka hau bishiyar, kada ka karya reshen da ya rufe ta don hoto ya fito, ka zauna nesa kaɗan inda iyayen za su ci gaba da zuwa ba tare da sun yi ta ƙara a kanka ba, in suna ƙarar to ka matso da yawa, ja da baya. Hankaka yana lura da inda mutum yake yawan kallo, yaran unguwa masu danƙo ma haka, saboda haka kada ka tsaya kana nuna wurin da yatsa, kuma in za ka sa hoton a Facebook ko guruf ɗin aji ka bari sai 'ya'yan sun tashi.